Shekarar da Na Sa Aka Karɓe Makullin Baba Ishaya

Jummai da Luka, duk taron da aka yi a gidan nan sai ɗayanku ya miƙe ya ba da labarin yadda mamanku ta ceci ran Baba Ishaya da Mama Saratu. A Kirsimetin bara har Luka ya ƙara gishiri, ya ce ba don ni ba da sun gangara rami a kan duwatsu. Na yi murmushi na karɓi tafin. Amma na tsufa, kuma ba na so 'ya'yanku su gaji labarin a haka. Ga yadda abin ya faru.

Yaya Saratu ta girme ni da shekara goma sha bakwai, ita ta yi renona a Wusasa lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo. Gajeriya ce mai kaurin murya, ba ta kwalliya, ba ta iya daɗin baki ba. Ni ce kyakkyawar gidanmu, haka kowa yake faɗa, ni ma ban taɓa musu ba. Ni ce kuma mai karanta littattafan soyayyar nan na kasuwa masu siririn bango, waɗanda nake saye a bakin tasha ko bayan na haife ku. Da za mu taho Amurka rabin akwatina su ne, har babanku ya ɗaga shi a filin jirgi ya tambaye ni ko dutsen niƙa na ɗauko. A cikinsu na koyi yadda ya kamata namiji ya kalli mace, da irin maganar da zai faɗa mata har ƙafafunta su kasa ɗaukarta. Shekara da shekaru ina jiran Markus ya faɗa mini ko guda ɗaya. Kada ku yi mini mummunar fahimta, babanku mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa bari na fita da taya mai ƙarancin iska ba. Amma in na yi sabon kitso na tsaya a gabansa, abin da zai tambaye ni shi ne ko na ga inda ya ajiye tabaransa.

Mun iske su Yaya sun daɗe a Greensboro. Mijinta Baba Ishaya karatun aikin gona ya kawo shi tun ina budurwa, ya zauna yana aikin gwajin ƙasa, ita kuma tana girki a wata makaranta. Su suka karɓe mu. Babanku ya samu aiki a kamfanin kujeru, ni kuma na koyi tuƙa doguwar motar 'yan makaranta, rawayar nan, shi ya sa Baba Ishaya yake kirana Direban Gwamnati. A tsakiyar shekarun casa'in dukansu biyu suka yi ritaya, sai ga shi wata rana ya shigo gidansu na Pleasant Garden da wata ƙatuwar mota mai ɗaki a ciki, wadda Turawa ke ce wa RV. Yaya ta zagaya ta sau ɗaya ta ce wannan ai tafi-da-gidanka ce, sunan kuwa ya bi ta. Akwai gado, da murhu mai kai biyu, da ɗan banɗakin da sai ka shiga da gefe, da tebur mai naɗewa. Yaya ta ɗinka labulen atamfa, ta jera kwalaben kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ɗaure su da roba don kada su faɗo.

Ba yawon shan iska suka sayo ta don shi ba. Baba Ishaya yana da wani littafi da ya cika da sunayen mutanenmu da ke warwatse a ƙananan garuruwa: ɗalibin da shi kaɗai ne mai jin Hausa a garinsu, nas ɗin da mijinta bai samu biza ba, tsohuwar da aka kawo renon jika ta rasa mai yi mata hira. Sai su je su faka a ƙofar gidan mutum, Yaya ta tuƙa tuwo, a ci, a yi waƙoƙin sujada da Hausa, a yi addu'a. In ɗalibin Musulmi ne, Baba Ishaya ya naɗe tebur ya shimfiɗa masa tawul mai tsabta ya yi sallarsa, sannan a zauna a ci. Sukan yi sati uku ko huɗu su dawo fes da su kamar an rage musu shekaru. A coci fasto ba ya gajiya da kawo misali da su. Ni kuwa ina bencin baya ina tafi. Yayata da ba ta taɓa buɗe littafin soyayya ba ita ce take zaune a cikinsa, ni da na haddace su ina zagaya unguwa ɗaya safe da yamma da yara arba'in masu ihu.

Sau ɗaya na taɓa bin su. Wata Asabar ce da sanyi ya fara ja da baya, za su hau duwatsun yamma barkar wata nas 'yar Kagoro da ta haihu. Na zauna a bayansu a gefen tebur. Ba mu fita gari ba na lura Yaya ba ta yin shiru.

"Jar wuta ce, Malam."

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Taka birki."

Ya taka. Can gaba ta ce babbar mota a hagunsa, ta ce fita ta biyu ce tamu, ta ce mai keke a bakin hanya. Shi kuma in mun tunkari allo sai ya ɗan karkata kai kamar mai sauraro, ya ce, "Me wannan yake cewa, Saratu?" A wurin aikinmu ana auna mana ido kullum, na kuma san abin da ƙiftawa ɗaya take yi a kan babban titi. Da muka tsaya shan mai ya sauka, na matso kusa da ita.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idonsa."

Ta kalle ni sosai, sannan ta buɗe roba ta miƙo mini ƙosai.

"Nasa biyu, nawa biyu, huɗu ke nan. Ke a motarki nawa ne? Ci ƙosanki, Asabe."

Na ci ƙosaina. Wannan shi ne wurin da ba ku sani ba. Na dawo gida na yi wata uku cur ban gaya wa kowa ba. A cikin wata ukun nan sun yi tafiya biyu, ɗaya har bakin teku, na kuma tsaya a ƙofar gidansu na ɗaga musu hannu. Ban rasa barci ko na dare ɗaya ba.

Da zafi ya shigo makarantu suka yi hutu, su Yaya suka fara shirin doguwar tafiya arewacin Amurka, ta sati shida. Wata safiya na ce wa babanku mu bi su ko na sati ɗaya ne mu dawo a bas. Na kwatanta masa yadda za mu zauna bakin tafki mu biyu rana tana faɗuwa. Yana ɗaura igiyar takalmi ya ce, "Me aka ajiye mini a can? Ruwa ai ruwa ne, ga shi nan a famfo." Ya yi dariya, don shi a ganinsa wasa ya yi, ya fita. Da la'asar na ɗauki yajin da na daka wa Yaya na tafi Pleasant Garden. Ba kowa a cikin gida, sai na zagaya baya inda motar take a gindin itace. Tagar ɗakin girkin a buɗe take. Na hango Baba Ishaya ya riƙe fuskar Yaya da hannu biyu, yana bin goshinta da babban yatsa, yana bin hancinta, har tsagar da ke kumatunta.

"Me kake yi haka?" in ji ta.

"Haddace ki nake yi. Tsakiyar ganina ce take tafiya, Saratu. In na kalle ki kai tsaye sai in ga hazo. Gara in ajiye ki tun yanzu."

"Kai dai matsa, tuwona zai kama."

Amma ba ta matsa ba, shi ma bai sake ta ba. Na tsaya da kwalbar yaji a hannu. Na karanta littafi ya fi ɗari, babu saurayin da ya taɓa faɗin magana irin wannan, ga shi tsoho mai furfura ya faɗa wa matar da take tunanin tuwo. Da ni aka faɗa wa, na san yadda zan sunkuyar da kai, na san amsar da zan bayar. Na ajiye yajin a kan matakala na koma motata. Hawaye masu zafi suka raka ni har gida, kuma ba na tausayinsa ba ne. Ina shiga, ko jaka ban ajiye ba, na ɗaga waya na kira Dauda.

Dauda babban ɗansu ne, kun san shi, lokacin yana aikin haɗa magunguna, yana zaune a Summerfield da matarsa da 'yan biyunsu. Na gaya masa duk abin da na gani a hanyar duwatsu, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ban dai gaya masa yaushe na gani ba.

"Anti, are you sure?"

"Dauda, tuƙi ne abincina. Mahaifinka ba ya ganin allo."

Cikin sati ɗaya ya kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce ciwon ba na aiki ba ne, sai dai a rage masa gudu, kuma batun tuƙi ya ƙare. Ranar Lahadi bayan sujada aka taru a falonsu. Dauda yana ta magana rabi Hausa rabi Turanci, uban yana zaune da hularsa a gwiwa. Da ya gama, Baba Ishaya ya juyo wajen da nake, ya ɗan karkata kai don ya same ni ta gefen ido.

"Direban Gwamnati, ke ma kin gani?"

"Na gani, Baba."

"To, ai shi ke nan. In gwamnati ta gani, talaka ba shi da ta cewa."

Ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora a tebur a hankali. Yaya ta tashi ta shiga kicin.

Ba a yi tafiyar arewa ba. Yaya ta bi sunayen littafin nan ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri a waya. A zumuntar mata aka riƙa rungume ni ana cewa Allah ne ya yi amfani da ni. Da aka koma makaranta hanyata takan bi ta kusa da gidansu, sai in hango motar a gindin itace ganye yana taruwa a kanta, wani lokaci in hango shi zaune a kujerar direba shi kaɗai da kofin shayi. Ina so in ce muku raina yakan ɓaci. Gaskiyar ita ce sanyi nake ji a ƙirjina. Yanzu sun zama kamar kowa, suna zaune a gida kamar ni.

Da ganye ya fara ja, wata Asabar da safe sai ga ƙaramar motar Yaya a ƙofarmu. Tana da lasisi tun da daɗewa, amma iyakarta coci da kasuwa, a hankali kamar mai rakiyar gawa, ba ta taɓa hawa babban titi ba. Ta ƙi zama.

"Dauda ya samu mai sayen tafi-da-gidanka. Kafin Kirsimeti za a zo a ɗauke ta."

"Ayya, Yaya."

"Ba ayya na zo karɓa ba. Na ce masa ni zan tuƙa. Ya yi dariya, ya ce in Anti Asabe ta ce na iya, zai ba ni makulli. To ki koya mini."

"Yaya, shekarunki sittin da ɗaya. Motar nan ta kusa tawa tsawo."

"Ina da goma sha takwas na koya miki tafiya, kina faɗuwa kina cizona. Ƙarfe nawa za ki zo?"

Haka muka fara, duk Asabar, a filin fakin na coci. Dauda yakan ba ni makulli da safe in mayar masa da yamma. Na jera kwandunan wanki a matsayin motocin mutane, na sa mata filo biyu don ta hango gaba. Baba Ishaya yakan zauna a kujera mai naɗewa a inuwa, in ya ji ƙaras sai ya ɗaga murya.

"Wannan motar wa aka kashe kuma?"

"Ta fasto ce," in ji Yaya ta taga. "Yi mana shiru."

Kwando huɗu ta murƙushe a sati biyun farko, kuma laifina ne. Akwai dabarar da ake koya wa kowane sabon direba a ranar farko, yadda za ka sa ido a tayar baya ta madubi ka bar hancin mota ya wuce kafin ka karya sitiyari. Na riƙe ta ban faɗa ba. Ina zaune a gefenta ina kallon gumi yana bin wuyanta, ina cewa a raina gobe za ta gaji. Ba ta gaji ba. A Asabar ta uku ta taka kwando na biyar, ta kashe mota, ta kifa kai a sitiyari na ɗan lokaci, ta ɗago ta sake kunnawa. Ba tausayi ne ya kama ni ba, kunya ce. Na tuna matar da ta koya mini aiki, Baturiyar da ba ta haɗa komai da ni ba, ba ta ɓoye mini ko abu ɗaya ba. Na ce, "Yaya, tsaya. Dubi madubin nan." Daga ranar ba ta sake taka kwando ba sai a ribas.

Na ɗauka aƙalla shi Baba Ishaya zai karaya da komawa kujerar fasinja. Ashe ya samo wa kansa aiki. Da muka fara hawa babban titi sai ya shigo ya zauna a gaba, ni na koma baya. Kafin mu fita Yaya takan karanta masa taswira a gida, shi kuma ya haddace hanyar gaba ɗaya, mahaɗa bayan mahaɗa. Tana tuƙi yana cewa, "Bayan gadar nan ki koma dama, Saratu, saura fita biyu." In babbar mota ta wuce iska ta girgiza mu, sai ya ɗora hannu a kafaɗarta ya ja waƙar sujada a hankali har ta saki numfashi. Na raba shi da sitiyari, sai ga shi na ƙara matso da su kusa da juna. Na zauna a bayansu ina cizon leɓe.

Ranar gwaji Dauda ya zo da kansa ya zauna kusa da ni. Yaya ta fitar da mu daga Pleasant Garden, ta hau babban titi, ta ratsa tsakiyar gari ta Elm Street inda motoci ke fake hagu da dama, ta dawo filin coci. A ribas ta ɗan goge kwando ɗaya, ya yi rawa bai faɗi ba. Dauda ya ce in zo, muka sauka muka koma gefe.

"Anti, ni tsoro nake ji. Ta taɓa kwandon nan, kin gani. In kin ce a'a, that's it, ranar Litinin mutumin zai zo. Ba wanda zai ga laifinki."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai ga laifina, har ma a ƙara rungume ni. Na waiwaya. Ta gilashin gaba na hango Baba Ishaya ya cire hularsa yana yi mata fifita da ita, tana ture hannunsa tana dariya. Abin nan ya sake taso mini, sabo fil kamar ranar yaji. A'a tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Amma wancan karon, da na kira shi a waya, gaskiya na faɗa, ko da zuciyata ba ta da kyau. Wannan karon in na ce a'a ƙarya zan yi, kuma a kan aikin da na sani.

"Ta iya," na ce. "Ta fi wasu da muke aiki tare. Ka sa su riƙa tsayawa kafin rana ta faɗi, in za ta yi ribas wani ya sauka ya duba mata. Ba ta makullinta."

Shekara huɗu suka ƙara yi a hanya, Yaya tana tuƙi, har ƙafarta ta fara kumburi suka ajiye da kansu. Ba su taɓa ko goge wani ba. Sun ɗauke ku ku biyu a hutun bazara, sun ɗauki 'yan biyun Dauda, har babanku ya taɓa bin su kwana uku ya dawo yana yabon injin. Ni kaɗai ba su sake ce wa in zo ba, ni ma ban roƙa ba. Kun sha tambayata dalili, nakan ce aiki ne. Dalilin na ji shi ne a safiyar tafiyarsu ta farko, da za su gangara kudu gudun sanyi.

An yi addu'a a tsakar gida, kowa ya yi musu sallama ya ja baya. Yaya tana kan filonta biyu, ta sauke gilashi ta yafito ni. Na matso ina tsammanin godiya, har na shirya abin da zan ce.

"Asabe, kin koya mini da kyau. Allah ya saka."

"Amin, Yaya."

"Kiran da kika yi wa Dauda ma daidai ne. Ni ce na yi taurin kai, da mun kashe ɗan wani." Ta rage murya don kada mijinta ya ji. "Amma tun ranar ƙosai kika sani. Wata uku kina ɗaga mana hannu muna hawa titi. Da don mu kika yi, da a ranar za ki yi. Na ga yajinki a matakala."

Ba fushi a fuskarta, kallona kawai take yi irin na lokacin da nake ƙarama in na ɓoye abu a bayana.

"Ni na yafe. Wata ukun nan kuwa ki kai wa Allah, ba nawa ba ne."

"Saratu, me kuke ƙullawa ke da gwamnati?" in ji Baba Ishaya daga can gefe. "Rana tana yi. In mun fita hagu za ki yi."

Ta ɗaga gilashi. Ta kunna trafiketa tun da sauran nisa, ta bar hancin motar ya wuce, sannan ta karya sitiyari. Tayar baya ta wuce akwatin wasiƙa da tazarar taku guda. Kowa ya sa tafi da guɗa. Ni ina tsaye da hannuwana a cikin aljihun rigar sanyi, na kasa fito da su.